Yadda ake gyaran kalifar birki mai yoyo a tsohuwar motar MGB

MGB ƙaramar mota ce mai kujera biyu wadda aka ƙera a garin Abingdon na ƙasar Ingila daga 1962 zuwa 1980. An ƙera fiye da rabin miliyan, shi ya sa har yau kayan gyaranta ba su yanke a kasuwa ba. Birkinta na baya na ganga ne, na gaba kuwa na faifai, kuma abin da ke kama faifan shi ne kalifa, wato dunƙulen zubin ƙarfen nan da ke rungume da gefen faifai, ƙirar kamfanin Lockheed. A cikin kowace kalifa akwai fistin biyu da ke fuskantar juna, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, kuma idan direba ya taka birki man birki ne ke turo su su matse fad, wato 'yan farantan da ke gogar faifai su tsayar da taya, a jikin faifan. Mafi ƙuruciya a cikin waɗannan motoci ta haura shekara 40, don haka ba abin mamaki ba ne a wayi gari a ga mai ya jiƙa bayan taya.

Kafin a ɗauki sifana ya kamata a fahimci inda mai yake tsayawa, domin wanda bai gane wannan ba zai canja roba ne kawai, bayan wata biyu yoyo ya dawo. A cikin ramin da fistin ke shiga an yanka wani siririn kwari a zagaye, kuma a cikinsa zoben roba mai kusurwa huɗu yake zaune. Zoben ba ya motsi, fistin ne ke zamewa a kansa. Idan aka taka birki gefen robar yakan ɗan lanƙwashe ya bi fistin, idan aka saki kuma ya koma yadda yake ya janyo fistin baya kaɗan, kuma wannan ɗan janyewar ita kaɗai ce ke raba fad da faifai, domin babu wani sifirin da ke yin aikin. Ke nan wurare biyu ne ke riƙe mai: jikin fistin da robar ke shafa, da kuma kwarin da robar ke zaune a ciki. Bangon ramin kansa ba shi ne ke tsare mai ba. Wannan ya bambanta da kalifar Dunlop ta farkon Jaguar E-Type, da ta Chevrolet Corvette ta 1965 zuwa 1982, inda robar take a jikin fistin tana gogar bangon rami, ta yadda idan bangon ya yi tsatsa sai an saka masa sabuwar riga ta ƙarfe. Mai MGB ya tsira daga wannan wahala, kuma shi ya sa gyaran yake yiwuwa a gida.

Abin da ke kashe kalifar yawanci ruwa ne. Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4, wato lambar da ake rubutawa a jikin gwangwaninsa, yana tsotsar danshi daga iska, kuma motar da ake ajiyewa watanni ba a tuƙawa tana ba wannan ruwa damar zama wuri ɗaya ya ci ƙarfe. Ta waje kuma, robar da ke tare ƙura takan tsage da tsufa, ruwa da laka su shiga su ɓamɓare fentin kurom ɗin da ke jikin fistin. Da zarar an tura irin wannan fistin ciki domin saka sabon fad, wurin da ya yi kaushi sai ya bi ta kan zoben ya yage shi. Wannan ne dalilin da ya sa kalifa da yawa suke fara yoyo jim kaɗan bayan an canja musu fad.

Tabbatar da inda yoyon yake

A cire taya, a goge kalifar da tiyo da bayan faifai su bushe ƙarau, sannan a sa wani ya taka birki da ƙarfi ya riƙe kamar rabin minti, mai gyara kuma yana haska wurin da tocila. Mai yana bin gangare, saboda haka inda ya taru ba lallai ne nan ya fito ba. A duba mahaɗar tiyo da kalifa inda washar jan ƙarfe take, a duba nonon fitar da iska da ke sama, a duba tsagar da ɓangarori biyu na kalifar suka haɗu, sannan a leƙa bayan fad. Idan bayan fad ne ya jiƙe, ko gefen robar ƙura yana ƙyalli, to zoben ciki ne ya gaza kuma aikin da za a bayyana a nan shi ne maganinsa. Idan kuwa daga tiyo ne ko nono, gyaran bai kai haka tsawo ba.

Kada a tuƙa motar a wannan hali ko da zuwa gareji ne. MGB na farko-farko layin birki ɗaya gare su, wanda ke nufin yoyo a taya ɗaya zai iya zubar da man duka huɗun, feda ta tafi ƙasa babu abin da ya kama. Waɗanda aka sayar a Amurka sun sami layi biyu daga 1968, amma ko su ma birkin baya kaɗai ne ke saura idan na gaba ya tafi. Haka kuma, ko da kalifa ɗaya ce ke yoyo, duka biyun ake gyarawa tare. Shekarunsu ɗaya, man da suka sha ɗaya, kuma idan ɗaya ta koma sabuwa ɗaya tana cije, motar za ta riƙa fizgewa gefe guda duk lokacin da aka taka birki.

Kayan da za a tanada

Ana buƙatar kunshin robobi na kalifa biyu, wanda a cikinsa kowane fistin yana da zoben mai, da robar ƙura, da siririn zoben ƙarfe mai riƙe robar ƙurar. Ra'ayina shi ne a sayi fistin huɗu sababbi tun kafin a buɗe, musamman na ƙarfe marar tsatsa, domin da wuya a buɗe kalifar da ta kai wannan shekaru a tarar da fistin da ya cancanci komawa. A ƙara da sababbin fad, da filolinsu masu tsaga da sifirin ɗin da ke danne su, da tiyo biyu, da washar jan ƙarfe, da nonon iska biyu, da farantin kulle noti na ƙusoshin kalifa. Zoben ƙarfen nan na robar ƙura yana da saurin lanƙwashewa, don haka wanda bai taɓa saka shi ba gara ya sayi ƙari.

Ƙusoshi da notocin MGB awon inci ne, ba na milimita ba. Sifanar milimita da ta yi kusa da daidai ita ce ke cinye kan noti, saboda haka a nemo na inci, tare da sifanar bututun birki mai tsaga wadda ke kama noti ta kusan kowane gefe. Sai jak da ƙafafun ƙarfe na tokare mota, da matsi mai siffar G, da guntun katako, da ƙaramin buroshin waya, da tsinken roba ko na katako mai tauri, da sifanar awon ɗauri, da kwalba da siririn tiyo mai nuna ciki. Man birki kuwa a sayi lita ɗaya a rufe, irin wanda ke cikin motar. DOT 5 na silikon ne kuma ba ya haɗuwa da DOT 3 ko DOT 4 ko DOT 5.1, don haka a tabbatar da wanda ke cikin masta, wato famfon da feda ke turawa wanda tankin man birki yake a kansa, kafin a zuba wani.

Akwai abu guda da ya kamata a fitar daga wurin aikin gaba ɗaya, shi ne kwanon fetur ko kananzir da aka saba wanke kayan inji a ciki. Robar birki ba ta jure man da aka samo daga ɗanyen mai. Fetur, kananzir, gas, baƙin mai da giris na gama-gari duk suna sa ta kumbura ta yi laushi, kuma ɗan abin da ya maƙale a yatsa ya isa ya ɓata sabon zobe. Abin wanki shi ne feshin wanke birki ko sifirit, abin shafawa kuma man birki mai tsabta ko jan giris da aka yi musamman domin roba.

Sauke kalifa daga mota

A ajiye motar a kan daɓe mai ƙarfi, a ja birkin hannu, a tokare tayoyin baya, a sassauta notocin taya tun tana ƙasa, sannan a ɗaga a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a barin mota a kansa ana aiki. A sa tabarau da safar hannu, a kuma ajiye bokitin ruwa kusa, domin man birki yana cin fenti cikin ɗan lokaci kuma ruwa ne ke wanke shi. Ƙurar da ke kan tsohon birki kada a hure ta da baki ko da iskar kwamfiresa, saboda fad ɗin dā suna ɗauke da asbesto mai lalata huhu; a jiƙa ta da feshi a goge.

Abu na farko da za a taɓa shi ne nonon fitar da iska, tun kalifar tana ɗaure a mota inda take da ƙarfin tsayawa. A goge gindinsa da buroshi, a zuba masa man sassauta tsatsa, a ɗan bubbuga kansa da ƙaramar guduma, a bar shi ya jiƙa, sannan a gwada da soket mai kusurwa shida. Nonon siriri ne kuma cikinsa rami ne, idan aka yi masa ƙarfi karyewa yake yi, kuma cire karyayye ya fi duk sauran aikin wuya. Idan ya motsa sai a mayar a ɗaure shi sama-sama. Idan ya ƙi, a bar shi har sai an kai kalifar kan teburi an cire robobinta, a lokacin ne za a iya ɗumama gindinsa da wuta ba tare da an ƙona komai ba.

Daga nan a miƙe ƙafafun filolin da filaya a zare su, a ɗauke sifirin, a zaro fad. Kafin a kwance tiyo, a yi amfani da ƙarfin birkin motar kansa wajen motsa fistin, domin yana da ƙarfi kuma yana da sauƙin sarrafawa. A saka siririn katako a gurbin kowane fad, a taka feda a hankali har fistin biyun su fito su taɓa katakon. Idan ɗaya ya fito ɗaya ya cije, a danne mai motsin da matsi, a sake takawa, sai duk ƙarfin ya koma kan wanda ya cije. Fistin da aka riga aka karya masa tsatsa a mota ba ya ba da wahala a teburi.

Sai a buɗe murfin masta, a shimfiɗa leda a bakinsa, a mayar da murfin a kai, wanda hakan ke rage zubar mai. Tiyo ana fara kwance shi ne daga ƙarshen da ke jikin mota: a riƙe tiyon da sifana ɗaya, a kwance notin bututun ƙarfe da sifana mai tsaga, a cire notin da ya ɗaure tiyon a mariƙinsa, a toshe bakin bututun. Wanda ya fara ta wajen kalifa zai murɗe tiyon ne kawai. Bayan haka a buɗe kunnuwan farantin kulle, a kwance manyan ƙusoshi biyu da ke riƙe kalifar, a zare ta daga kan faifai. A yi wa ta dama da ta hagu alama, a kuma ɗauki hoton fuskar fistin yadda suke, domin za a buƙace shi.

Fitar da fistin

Idan an turo su da kyau a mota, sau da yawa ana iya kama bakinsu a murɗa a zaro da hannu. Idan ba haka ba, sai iskar kwamfiresa ta ramin tiyo. A nan ake jin rauni. Fistin yana fitowa ne kamar harsashi, don haka a saka katako a tsakiyar kalifar, a rufe da tsumma saboda feshin mai, a fara da iska kaɗan, kuma yatsa kada ya kusanci tsakanin fistin da katako ko da na ƙiftawar ido ne. Matsalar kalifa mai fistin biyu ita ce da zarar ɗaya ya fita iska ta sami hanya, ɗayan kuma ya zauna. Dabarar ita ce a danne ɗaya da matsi a fitar da ɗayan, sannan a mayar da wanda ya fita bakin raminsa kaɗan a riƙe shi da matsi domin ya toshe, a hura na biyun. Wanda ya ƙi iska ana iya tura shi da famfon giris, wanda ke turawa a hankali da ƙarfi mai yawa, amma fa duk wanda ya bi wannan hanya ya ɗauki alkawarin wanke kowace kafa ta cikin kalifar har sai babu ɗigon giris.

Za a ga ƙusoshi da suka haɗe ɓangarori biyu na kalifar, kuma hannu yakan yi ƙaiƙayin kwance su domin aikin ya yi sauƙi. Masu ƙera ta ba su so a raba ta, kuma ina ganin a bi maganarsu muddin ba daga tsagar yoyon yake fitowa ba. A tsakanin ɓangarorin akwai ƙaramin zoben roba na musamman da mai ke ratsawa, kuma ba kowane zobe mai kama da shi ne ke jure man birki ba. Idan dole ta sa an raba, sai da sabon zoben da aka yi domin wurin, da sababbin ƙusoshi, da ɗauri a kan awo.

Wanki da dubawa

Yawancin lokacin gyaran a nan yake tafiya, kuma a nan ake gane ko aikin zai daɗe. A ɓanɓaro zoben ƙarfen robar ƙura da bakin sukudireba a hankali ba tare da an ƙwarzane mazauninsa ba, a cire robar ƙurar, sannan a zaro zoben mai daga kwarinsa da tsinken roba. Kada a sa tsinken ƙarfe a wannan kwari, domin ƙarce ɗaya a gindinsa hanya ce da mai zai bi ta bayan roba.

Idan aka haska cikin kwarin za a tarar da wani busasshen datti mai tauri, haɗin tsatsa da tsohon mai, ya manne a kusurwoyinsa. Ido yakan ɗauka ƙarfe ne, alhali ba shi ba ne. Idan aka bar shi, sabon zobe ba zai zauna har ƙasa ba, zai tsaya a tudu, sai ya matse fistin fiye da kima a wani wuri ya bar gibi a wani wurin, sakamakon kuwa ko birki mai cijewa ko yoyo. A bi kwarin da tsinken katako mai tauri ana kankarewa, a fesa, a goge, a sake haskawa, a maimaita har sai kusurwoyin biyu sun fito fes a duk zagayen. Ƙaramin madubi irin na likitan haƙori yana taimakawa wajen ganin gefen da ke ɓoye. Aiki ne mai gundura wanda zai iya cin rabin awa a rami ɗaya, kuma ramuka huɗu ne.

Sai ɗan bangon da ke tsakanin kwarin zobe da bakin rami. Nan ne tsatsa ta fi taruwa saboda yana wajen mai, kuma ita ce ke kama fistin ta hana shi komawa. A goge ta da sanfefa mai laushi ƙwarai har sai fistin marar zobe yana shiga yana fita da yatsa biyu. Mazaunin zoben ƙarfen ƙura ma a kankare shi ya yi sumul, in ba haka ba sabon zoben ba zai shiga a miƙe ba. Ɗan tabo a can cikin bangon rami ba ya hana komai, amma idan tsatsa ta ci gindin kwarin ta yi ramuka, ko ta cinye leɓensa, ko an ga tsaga a jikin ƙarfen, ko zaren nono ko na tiyo ya lalace, to wannan kalifa ta gama aiki, a nemi wata.

Fistin kuwa a wanke shi a bi jikinsa da farce. Duk wanda farce ya maƙale a jikinsa, ko kurom ɗinsa ya ɓare, ko yana da ɗigon rami ko da kamar kan allura ne a inda roba ke bi, a jefar da shi. Goge shi da sanfefa ba ya gyara shi, ƙara cire fentin da ke kare shi ne kawai, ya bar ƙarfe tsirara ga ruwa. A ƙarshe a cire nonon iska, a fesa duk hanyoyin mai, a hura iska ta kowace kafa a tabbatar tana fita ta ɗayar, a bar kalifar ta bushe. Mai son yin fenti ya yi yanzu, bayan ya toshe ramuka da mazaunin ƙusoshi.

Haɗawa

A share teburi, a shimfiɗa takarda mai tsabta, a wanke hannu da sabulu. A tsoma sabon zoben mai a man birki, a saka shi cikin kwari da yatsu kawai, a bi shi a zagaye ana dannawa har a ji ya kwanta ko'ina bai murɗe ba. A shafa wa fistin mai, a ɗora shi a bakin rami a miƙe, buɗaɗɗen gefensa yana kallon waje inda fad zai zauna.

A fuskar fistin ɗin MGB akwai wani ɓangare na leɓe da aka rage wa tsayi. An yi shi ne domin daidaita yadda fistin ke danna fad da rage ƙara, kuma yana fuskantar tsakiyar taya ne, wato gefen kalifar da ke kusa da gindin faifai. A daidaita shi tun kafin a tura, domin juya fistin bayan ya shige yana da wuya. A gwada da hoton da aka ɗauka, tare da tuna cewa mai yiwuwa wanda ya yi gyaran baya ya saka shi a karkace.

A tura fistin da manyan yatsu biyu. Zai ɗan tsaya idan ya iso zobe, sannan ya wuce da santsi. Idan ya cije, ya karkace ne, a fitar a sake. Guduma ko matsi mai ƙarfi a wannan gaɓa yanke gefen zobe suke yi, kuma ba za a sani ba sai an zuba mai. A bar kamar milimita 8 a waje. Sai a saka robar ƙura a cikin zobenta na ƙarfe, a shafa mata mai, a zura su tare ta kan fistin har bakin mazauni. Yanzu ana buƙatar abu mai faɗi kuma shafaffe da zai danna zoben ƙarfen ta kowane gefe lokaci guda. Akwai kayan aiki na musamman domin haka, amma faffaɗar washa mai kauri ko guntun farantin ƙarfe tare da matsi suna yi. A matsa kaɗan, a tsaya a duba zagayen, a ƙara. Idan gefe ɗaya ya riga shiga, a saki a gyara tun bai lanƙwashe ba, idan kuwa ya lanƙwashe a ɗauko na ajiya, kada a miƙe shi a mayar. Idan ya zauna daidai da fuskar kalifa sai a ƙarasa tura fistin ciki, a yi wa ɗaya gefen haka, a ɗaura sabon nono.

Mayarwa da fitar da iska

Kafin kalifa ta koma a wanke faifai da feshi ta fuska biyu, a duba ko ya yi zurfin zane ko ya sirance. A ɗaura sabon tiyo a jikin kalifa da sabuwar washar jan ƙarfe tun tana hannu. Tsohon tiyo yakan ruɓe ta ciki ya bar mai ya tafi ya hana shi dawowa, alhali ta waje lafiya lau yake, don haka mayar da shi asarar aikin da aka yi ce. A ɗora kalifar a tabbatar nonon iska yana sama. Idan ya koma ƙasa an musanya dama da hagu, kuma iska ba za ta taɓa fita ba ko an kwana ana famfo. A saka sabon farantin kulle, a ɗaure ƙusoshi biyun da sifanar awo daidai adadin da littafin gyaran motar ya bayar, a naɗe kunnuwan farantin a kansu. A haɗa tiyo da bututu ba tare da ya murɗe ba, a juya sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu a ga bai taɓa taya ko ya miƙe tsam ba. A saka sababbin fad da sifirin da filoli. Fad ɗin da ya sha mai ba ya wankuwa, ko da kaurinsa yana nan.

A cire ledar da ke bakin masta, a cika shi da sabon mai. Tunda an buɗe layi, a fitar da iska a duk tayoyin huɗu, a fara da wadda ta fi nisa da masta a ƙare da mafi kusa. A zura siririn tiyo a kan nono, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai. Mai taimako ya taka feda a hankali, mai gyara ya buɗe nono kamar rubu'in juyi, feda ta sauka, a rufe nono, sannan a saki feda. Tsarin kada ya sauya, domin idan aka saki feda nono yana buɗe iska ce za ta koma. A riƙa leƙa masta bayan kowane taku biyar ko shida, kada ya ƙafe. A ci gaba har man da ke fita ya zama garau babu kumfa, kuma ɗan bubbuga kalifar da ƙotar sukudireba yana sakin kumfar da ta maƙale a lungu. Wannan sabon mai yana da muhimmanci ko ba don yoyo ba: ƙa'idar DOT 4 ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Celsius yana sabo, amma idan ya sha ruwa ma'aunin yakan sauko zuwa wajen 155, shi ya sa ake canja shi duk shekara 2.

Idan an gama, a taka feda sau da yawa har fad su kai ga faifai, sannan a danna da ƙarfi a riƙe minti ɗaya. Feda mai laushi kamar soso alamar sauran iska ce, wadda kuma ke nutsewa a hankali alamar yoyo ce ko masta mai rauni. A bi kowace mahaɗa da farar takarda a ga ko za ta jiƙe. A juya faifai da hannu bayan an saki birki: ɗan shafar fad ba laifi ba ne, amma ya kamata ya juya ba da kokawa ba. A mayar da taya, a sauke mota, a ɗaure notoci.

Gwajin farko a yi shi a fili marar mutane da gudun tafiyar ƙafa, ana lura ko motar tana ja gefe. Daga nan a hau hanya marar cunkoso a riƙa rage gudu daga kamar kilomita 50 a awa zuwa kusa da tsayawa, sau goma ko fiye, da matsakaicin taku, ana barin tazara domin birkin ya huce, ta haka fad zai kwanta a jikin faifai. Bayan an dawo a kai bayan hannu kusa da kowace tayar gaba ba tare da an taɓa faifai ba. Idan ɗaya ta fi ɗaya zafi sosai, fistin ɗin wannan gefen bai komawa, sai a sake dubawa. A yi wa matakin mai a masta alama, a duba shi washegari da kuma bayan mako guda, a kuma sake cire tayoyin gaba bayan kilomita 200 na farko a haska bayan fad da gindin tiyo.